Duba Shafi na ??

Bayan an ƙaddamar da shari'a, sana'ar hayar kaset ta fara yi mini zafi, sai na share shagon na sa kwamfuta, na koma buga takardu. A nan kawuna, tsohon maƙeri, ya same ni da tarihin gidan maƙeranmu na cikin birnin Daura, wanda ya rubuta da ajami, ya ce in mayar masa boko. Wani ɗakin ajiyar littattafai a Katsina ya yarda zai karɓa, da sharaɗin a kawo shi a PDF irin na ajiya, wanda ko jikokin jikoki suka taɓa zai buɗu. Wannan magana ta yi wa Kawu daɗi. Burinsa kada a manta da kowa a gidan nan.

Kawu mutum ne mai son aike, har a rubutu. Ba ya gama labarin mutum sai ya ce “duba shafi kaza”. Na yi wa kowa kanu da sunansa, na ɗaure kowane aike a jikin sunan, yadda lambar shafi za ta fito da kanta. Duk suka fito tsaf, ban da guda. A babin 'ya'ya aka buga: “Na farkonsu, duba shafi na ??”

Manhajar tantancewar da mutanen Katsina suka ba mu ta ƙi littafin ƙememe, wai akwai aiken da ba ya zuwa ko'ina. Na zargi janareta, na sake ɗora komai, na sauya haruffa har ƙ ɗin maƙera ta koma akwati. Maƙwabcina mai gyaran babur ya ce a hura wa kwamfutar iska. Tela ya leƙo ya ce wannan rashin tarbiyya ne, inji ya tsare dattijo da tambaya, har biyu. Raina ya ɓaci, na kore su duka.

Da na huce sai na bi sawun aiken. A rubutun ajamin Kawu, babin 'ya'ya ya tura ni babin mamata. Can kuma an ce: “Wanda mota ta kife da shi a hanyar Zango, duba babin 'ya'ya.” Na yi ta kai da kawo kamar ɗan acaɓa kafin na gane. Babban ɗan Kawu ne, yayanmu da ya rasu ina sakandare. Littafin ya kawo har sunan jakin kakanmu, amma nasa babu. Ɗan fari ne, Kawu bai taɓa kiran sunansa yana raye ba, balle yanzu.

Da ya zo na ce, “Kawu, sai an rubuta sunan Yaya, in ba haka ba ba za su karɓa ba.”

“Ita kwamfutar ba ta san shi ba? Duk Daura an san shi.”

“Baƙuwa ce, Kawu.”

“To, rubuta ‘wane’.”

“Su wane suna da yawa. Ko dai mu cire layin gaba ɗaya, yanzu littafin zai wuce.”

Ya yi mini kallon da ya sa na yi da-na-sanin buɗe baki. Can ya miƙe ya ce zai je alwala, alhali azahar da saura sosai. Daga bakin ƙofa, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, “Ni dai ba ruwana da ɓarnar da yara ke yi in ba na nan.”

Na rubuta sunan da ban taɓa furtawa ba, don ni ma Yaya kawai nake ce masa. Alamun tambaya suka ɓace, lamba ta fito, manhaja ta amince.

Da Kawu ya dawo na buga masa shafin. Ba ya karanta boko, sai ya ce in nuna masa wurin. Na nuna. Ya ɗora babban yatsansa, wanda wutar maƙera ta ƙone, ya rufe sunan ruf, ya daɗe bai ɗaga ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

“Nan zai zauna?” ya tambaya.

“Nan zai zauna, Kawu.”

“To, madalla. Kada ka karanta mini.”