Ƙyauren da ya fi ƙofarmu faɗi

A gidanmu na Madabo akwai wani ƙyaure na jan katako da duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi labarinsa, don ya fi ƙarfin ɗakin ƙasar da aka kafa masa. Ɗakin Innarmu ne.

Ita Inna ba a Kano aka haife ta ba. A zangon Hausawa na Kumasi ta tashi, can Baba ya auro ta lokacin yana fataucin goro. Ta biyo shi bisa alkawari ɗaya, cewa zai gina mata gida kusa da danginta, in tsufa ya zo su koma. Mun taso muna jin zancen gidan nan kamar tatsuniya. In tuwo ya yi mata gardama sai ta ce garin Kano ne bai da kirki, mu bari mu je gidanta mu ci sakwara.

Baba kuwa bai yi wasa ba. Ya sami fili a wani ƙauye da ke gefen Kumasi, ya yi ciniki yadda ya ga iyayensa suna yi a cikin birni. Ya tara dattawan zango, ya kai wa sarkin ƙauyen abin da aka yanka, aka raba goro, liman ya shafa fatiha. A wurin Baba magana ta ƙare, domin a Madabo abin da aka shafa wa fatiha gaban shaidu ba ya tashi. Wani abokinsa ya ce ya nemi lauya, Baba ya ce shi bai kashe kowa ba. Mutum ne mai taurin kai, ni ma a wurinsa na gada.

Ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro, ya ta da ɗakuna. Duk dawowar da zai yi sai Inna ta zaunar da shi ta tambayi tsawon da mangwaron ya kai.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula a karon farko, unguwarmu ta cika da tutocin jam'iyyu, rediyo ba ya shiru, kowa na ganin komai zai gyaru. A wannan shekarar tsohon sarkin ƙauyen ya rasu. Magajinsa ya aika wa Baba cewa a ƙasarsu ba a sayar da ƙasa, ta kakanni ce da waɗanda ba a haifa ba. Abin da Baba ya bayar gaisuwa ce, aka ba shi aron wuri, aron kuma ya bi wanda ya bayar. Sai a lokacin Baba ya je wurin lauya. Lauyan ya ce ko da an yi rubutu, baƙo haya kawai doka ta yarda masa, ta wasu shekaru, balle shi da shaidarsa goro ce. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushi ba, don babu wanda ya yi wa wani ƙarya.

Baba ya dawo da hantsi, ƙyauren zauren gidan na Kumasi ɗaure a kan huhunan goro. Ƙyauren kaɗai ya iya cirowa daga gidan. Aka jingine shi a tsakar gida. Baba ya tsaya gaban Inna, hula a hannu, ban taɓa ganinsa haka ba.

"Abin da ya rage na gidanki ke nan," in ji shi.

Inna ta daɗe tana shafa katakon. Ba ta tambayi mangwaro ba.

"Malam, a kira magini," ta ce. "A fasa bangon ɗakina a sa mini shi."

Magini ya ce ƙofar ta yi kaɗan, Inna ta ce to ya ƙara ta. Haka aka yi.

Inna ba ta sake ganin Kumasi ba. Amma daga ranar, duk yaron da ya faɗa mata ɗaki da gudu sai ta koro shi, ta ce ya koma ya yi sallama, nan ba Madabo ba ce. Mu dariya muke yi. Baba bai taɓa dariya ba. Gidan nasa ne, gadon ubansa, amma har ya bar duniya in ya iso bakin ƙyauren nan sai ya tsaya ya yi sallama, ya jira ta ce ya shigo.