Yaya Lawal da Shafin Tsokanar 'Yan Ƙwallo

Duk wanda ya san Yaya Lawal ya san ba ya tsokanar mutum a bayan idonsa. Sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya same ka har gida, ya karanta maka abin da ya rubuta a kanka, sannan ya ɗora a shafinsa. Ni ƙanensa na sha zagi a madadinsa, don mun yi kama.

Shafin nan, Ta Wuce Sama, da alli ya fara shi, a jikin allon wani gidan kallon ƙwallo a Kankara. Da mutane suka koma zuwa karatun allo maimakon kallo, ya mai da shi intanet. Mutumin da bai taɓa taka leda ba fa! Amma babu wasan ƙauyen da ke wuce shi.

Akwai wani gola a Mairuwa da aka yi wa ruwan ƙwallaye. Yaya ya rubuta cewa duk ƙasar Faskari babu mai karamcinsa, bai taɓa mai da baƙo ba. Muka je tare, ya karanta masa a gaban mahaifinsa. Na ce yau sai an fasa mana baki. Tsohon ya gyara zama ya ce, "Malam Lawal, ƙara da cewa ko a gona haka shike. Tsuntsaye ma bai kora."

Da shafin ya bunƙasa, talla ta fara shigowa. Wani Alhaji mai sayar da taki ya ba da tasa, da sharaɗin kada a taɓa ɗansa. A satin kuwa ɗan ya ɗaga fanareti har cikin gonar mutane. Yaya ya rubuta a ƙarƙashin tallar cewa takin Alhaji ba wasa ba ne, ko ƙwallo ya taɓa sai ta fi dawa tsayi. Alhaji ya kira a fusace.

"Lawal, ba haka muka yi da kai ba!"

"Alhaji, mi na ce? Yabon taki hwa na yi."

Manoma suka yi ta zuwa neman takin ƙwallo. Alhaji bai sake kira ba.

Har daga Abuja wasu suka zo sayen shafin, wai a bar ƙwallon ƙauye a koma ta Turai. Yaya ya ba su fura suka sha, ya ce, "Ɗan wasan da ba ni iya tahiya gidansu, ina ruwana da shi?"

Tun da ya rasu bara shafin yana hannuna, ban ɗora komai ba. Masu talla duk sun janye, ana ta ce mini in rufe. Ran kasuwar Sabuwa wani ɗan wasa ya tare ni, magidanci da gemunsa, ya ce, "Jiya na ɓarar da ƙwallo raga ba kowa. Wallahi ba wanda ya ce mani komi. Don Allah ku tsokane ni."

Na rubuta na goge, na sake rubutawa. Babu daɗi ko kaɗan, amma na ɗora. Ina kewarka, Yaya. Allah Ya jiƙanka, Ya faranta maka kamar yadda ka faranta wa mutane, Ya haɗa mu a Aljanna.