Fitilar Surukina da Kwanar Sallata

Gidan 'yata a Montreuil, kusa da Paris, ɗaki biyu ne da salo, kuma kwana ɗaya ce kawai cikin kusurwoyin salon ke kallon alƙibla ba tare da mutum ya ba telebijin goshi ba. Nan nake shimfiɗa darduma. Nan kuma surukina ya ga damar ajiye fitilarsa.

A kasuwar tsofaffin kaya ta Paris ya samo ta. Gilashi ce ruwan ƙasa, kanta kamar laimar kwaɗi, an zana mata ƙwaron nan mazari a jiki. In an kunna ta ko zare ba ka zura wa allura. 'Yata ta ce ba don haske aka yi ta ba, don kallo ne, wai maƙerinta ya mutu tun kafin a haifi uwata, ga ma sa hannunsa a gindi. Na duba, sai ka ce kaza ta yi tono.

Kullum na yi sujada sai teburinta ya girgiza, surukina ya ɗauke numfashi. Ni kuwa ba a yi ni da faɗa wa suruki magana ido da ido ba. Na gaya wa 'yata, ta ce in yi haƙuri.

Da na je Lyon wurin ƙanena, ya kai ni wata maƙera inda har yanzu ake ƙera irin wannan gilashin. Wani ƙato na hura bututu, kumatu kamar mai algaita, gumi har gwiwa, narkakken gilashi na kumbura a ɗaya bakin. Aikin ya burge ni, ban dai faɗa ba.

Na dawo, bayan la'asar surukina na zaune da jarida, sai na juya na fuskanci fitilar.

"Ke baiwar Allah, na gano asalinki. Numfashin wani mamaci ne a cikinki, kuma ya sha wuya, Allah ya gani. Amma ni Makka nake nema, ba mazari ba. Ɗayanmu zai bar kwanar nan, ni kuwa gwiwoyina ba sa ƙaura."

Jarida ba ta motsa ba. 'Yata ta shige kicin tana tari.

Kafin magariba surukina ya ɗauke fitilar da hannu biyu, yana tafiya kamar mai ɗauke da jinjiri, ya kai ɗakinsu. Ya dawo ya durƙusa ya tambaye ni ko dardumar ta isa ko a sayo babba. Na ce wa 'yata ta gaya masa ta isa.