Ungozoma da Akori-kurata

Motata ta farko tsohuwar akori-kura ce da na saya hannun wani ɗan kasuwar auduga a Funtuwa, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Mutumin ya ƙara mata ƙarafa a sifirin don ta ɗauki kaya da yawa, saboda haka in babu lodi, tsalle take kamar ɗan akuya. Fasinjoji kan sauka dafe da ƙugu, amma ungozomar unguwarmu tana son motar. Duk matar da watan haihuwarta ya wuce, sai ta kawo ta mu tafi Malumfashi, kuma sau da yawa kafin mu dawo naƙuda ta tashi.

Da bayana ya fara ciwo, na kai motar wajen bakanike. Ya kwance sifirin, ya cire ƙarin ƙarafan, ya kankare tsatsa, ya shafa giris tsakanin sauran. Tafiya ta yi laushi, har na riƙa neman rami ina faɗawa don jin daɗi.

Ba a daɗe ba ungozoma ta zo da matar maƙwabcina, wadda ita ma watan haihuwarta ya wuce. Muka je Malumfashi muka dawo, matar tana ta minshari a kafaɗar ungozoma.

Ungozoma ta sauka, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin motar, ta ce, "Malam, me ka yi mata?"

Na ce, "Gyara ta na yi, Inna."

Ta ce, "Ka dai lalata ta."

Daga ranar ta koma wajen wani mai amalanken shanu, kuma ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da fara'a.