Kilishi a Zauren Jarrabawa

Greensboro

Ana idar da sallar asuba Hajiya Binta, uwargidana, ta sauke ni a tashar bas ta cikin gari. Washington na nufa, zan sake zana jarrabawar ƙwararrun likitocin borin jini da garkuwar jiki, abin da ake kira alaji. A Zariya da na yi karatu, da Ingila da na ƙaro, in an ce ka ƙware to ka ƙware ke nan har ka mutu. A Amurka kuwa takardar shekara goma take yi ta mace. Tawa saura 'yan watanni, kuma asibitinmu sun faɗa mini cikin murmushi cewa in ban sabunta ba, sai dai in kwashe kayana.

"Dakta, da furfurarka za ka zauna kamar ɗan firamare?" in ji Binta. Na ce ta dai yi addu'a.

Richmond

Na ƙi tuƙi ne don in yi bita a hanya. Ban wuce shafi biyu ba barci ya kwashe ni, sai a Richmond na farka, littafin yana ƙarƙashin kujerar wata tsohuwa. Muka canza mota, na sha wani shayi mai kama da ruwan wanke kofi.

Washington

Da la'asar Malam Isuhu, mai masaukina, ya ɗauke ni a tasinsa. Mutumin Maraɗi ne, likitan yara da ya yi karatu a Yamai da Faransa.

"Ka ga difulom ɗina na likitanci can a akwati," ya ce. "A nan ba su san shi ba. Dakta, ka riƙe naka da kyau, tasi ba daɗi."

Na yi dariya, amma gabana ya faɗi sosai. Washegari da safe ya cusa mini ƙunshin kilishi da aka kawo masa daga gida, ya ce kada in ci naman otal.

Zauren jarrabawa

Muka ajiye jakunkuna a wurin masu gadi, muka shiga. Zaman safe ya yi kyau. Da aka fita cin abinci na karɓo ƙunshina, na zauna kusa da wata Baturiya daga Ohio, Dakta Helen, wadda ita ma jarrabawar ta zo zanawa. Bahaushe ba ya cin abu a gaban mutum bai ce bisimilla ba, sai na tura mata.

"Mene ne a ciki?" ta tambaya.

"Nama ne kawai, busasshe, da ɗan yaji."

Wallahi haka na ɗauka. Tun ina yaro kilishi nama ne a wurina, ban taɓa tsayawa na tuna da tunkuzar gyaɗar da ake shafe shi da ita ba. Ni da nake kwana in tashi ina gargaɗin iyayen Amurka a kan gyaɗa!

Ta gutsira sau biyu. Sai leɓɓanta suka kumbura, murya ta shaƙe, tana nuna wuya. Ɗaki cike da ƙwararru, kowa na ihun sunan cutar, babu mai allurar gaggawa ta alaji a aljihu. Tata tana cikin jakarta a wurin masu gadi. Na ruga da tumbina na fizgo jakar, na caka mata allurar a cinya. Da numfashinta ya dawo, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Aka kira mu zaman rana daidai lokacin da motar asibiti ta iso. Na kama ƙofar motar zan shiga in raka ta, ta ture hannuna.

"Koma ka rubuta. Mutum ɗaya ya isa ya rasa jarrabawar yau."

Na shiga zauren a makare, ina gumi. Tambayoyin ƙarshe cinko kawai na yi.

Gida

Isuhu ya yi ta salati har tasha. Binta kuwa da na ba ta labari a mota sai da ta tsaya a bakin titi don dariya, sannan ta ce, "Allah Ya so ka, da yanzu ni ce matar ɗan fursuna."

Bayan wata biyu sakamako ya fito, na haye da ƙyar. Na gode wa Allah, na gode wa Isuhu da ya saukar da ni. Na buga wa Dakta Helen waya ina ta ba da haƙuri. Ta ce ta warke, amma sai baɗi za ta zana, kuma asibitinta sun rage mata aiki kafin nan. Takardata ta iso cikin firam mai kyau, tana shaida cewa na ƙware a sanin abin da gyaɗa ke yi wa mutum. Sai da na ji Helen ta karɓi tata sannan na iya rataye ta a bango.