Tukunyar da Inna Ta Tafi da Ita

Autata ce ta tayar min da wannan mikin. A nan Riyad aka haife ta, Larabci ya zauna a bakinta, Hausa kuwa sai a hankali. Ilimin kayan tarihi ta karanta, na sha yi mata tsiya cewa mutum ya gama jami'a ya ƙare a tsintar tsingaro.

Wata Juma'a bayan cin abinci, a gidanmu na unguwar Gubaira, ta nuna min hoton wani dogon tulu mai hannu biyu da tsinin gindi. Ta ce na Rumawa ne, daga gaɓar Bahar Maliya aka tono shi. Wai a wurin aikinsu sukan yanki ɗan guntu, su goge shi har haske ya ratsa, su duba yashin da ke cikin yumɓun, su gane yankin da aka gina shi. In sun kankare cikinsa kuma, su san man zaitun ya ɗauka ko romon kifi.

Na ajiye kofin shayina.

Mahaifiyata tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Damagaram a ƙafa, za su Makka. A hanya suka rasu, ayari ya ƙaraso da ita, da wata 'yar tukunyar ƙasa da uwarta ta gina. Sunan ƙauyensu ya ɓace mata. Har ta tsufa, duk ɗan Nijar da ta gani a kasuwar Aziziya sai ta tsare shi da tambaya, ko ya san gari mai rijiya a gindin gawo. Ina dalili, gawo nawa ne a Damagaram?

Kafin ta rasu a nan Riyad, ta bar wasiyya a rufe ta da tukunyarta, yadda ake yi a gida. Nan da tubali ake rufewa, don haka na fasa tukunyar, na cusa gutsattsarin a tsakanin tubalan. Ko ɗaya ban rage ba, kuma abin yana cina.

Da na ba 'yata labarin, sai ta ce, "Baba, ko kamar farce ne, da mun gwada gano yankinsu. Kabarin fa, ka gane shi?"

Kaburburan Riyad ba a rubuta musu suna. Na ce mata ta ƙara min shayi.