Farin Dutse Mai Gefe Shida

Wata safiyar Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare a Tarai. Ruwa ya kwana yana zuba, rafin bayan gonar kakata, Inna Hajo, ya zaizaye gaɓa ya bar tsakuwa a fili. An aike ni yanko wa awaki ciyawa, ina sunkuye da lauje sai wani abu ya ƙyalla mini a ido. Na tono shi na ɗauraye. Farin dutse ne garai-garai kamar gilashi, tsawonsa bai wuce ɗan yatsana ba, gefensa shida sumul, gindinsa a shafe, kansa da tsini.

Na tarar da Inna tana surfe a tsakar gida. Ta jingine taɓarya, ta karɓi dutsen ta juya shi a tafin hannu, ta ce, "Wannan sassaƙa ce, kuma ba ta bil'adama ba. Mayar musu da abinsu kafin magariba." Na yi ta roƙo har ta yarda ya kai Litinin in nuna wa malaminmu, amma da sharaɗin ba zai kwana ɗakinta ba. A gindin rumbu na binne shi. Ƙawayena suka so mu sa shi cikin duwatsun carafke, na hana.

Malam Sabo, mutumin Rano, shi ke koya mana lissafi da kimiyya, kullum a kan kekensa yake zuwa. Ya ɗaga dutsen saitin taga, ya ce babu wanda ya sassaƙa shi, haka yake girma a cikin duwatsu, ƙwayoyinsa suna jeruwa bisa tsari ɗaya. Sannan ya tambayi aji wa zai lissafa yawan wurin da dutsen ya ci. Ni kaɗai na miƙe. Na ɗora gindinsa a takarda na zana, na ja layi daga kowace kusurwa zuwa tsakiya, alwatika shida iri ɗaya suka fito. Na nemo filin guda, na ninka sau shida, na sake ninkawa da tsawon dutsen.

Malam ya ɗauko kofin gilashi mai layukan awo, ya zuba ruwa, ya jefa dutsen ciki. Ruwan ya tashi, amma bai kai amsata ba. Maza suka tuntsire da dariya, Garba monita ya ce, "Lissafin mata ke nan!" Ko gezau ban yi ba. Na ce, "Malam, hanyata daidai ce. Na ɗauka kaurinsa ɗaya har sama, alhali kansa tsukewa ya yi." Na ware gangar jikin daban, kan kuma na ba shi sulusin abin da zai ci da bai tsuke ba. Amsa ta zo dab da layin ruwan. A ƙarshen zangon nan Malam ya sa ni cikin masu neman shiga makarantar kimiyya.

Da na kwashe labari na gaya wa Inna, ta dubi dutsen ta ce, "To, tunda aikin Ubangiji ne, wa za a mayar wa? Shigo da shi."

Yau a Kano nake koyarwa, ɗalibaina suna lissafa girman mafi ƙanƙantar tsarin ƙwayoyin da ke maimaituwa a cikin irin wannan dutse, wanda ido ba ya gani. Hanyar ba ta sauya ba, filin gindi ne sau tsawo. Sai dai kafin in ajiye alli sun latsa waya sun samo amsa, ba musu, ba dariya, ba wanda ya tsaya kare tasa. Amsar da ba a sha wuyarta ba, ba ta daɗewa a kai.